Kama Da Wane Ba Ta Wane: Lissafin Gane Ko Abu Biyu Ƙirarsu Ɗaya Ce

Duk baƙon da ya sauka a Jos, ya kuma sami sukunin ziyartar Gidan Tarihi wanda Bernard Fagg ya kafa a cikin shekara ta 1952, in ya ɗan ƙara taku kaɗan zai iske wani fili mai faɗi inda aka tattara irin gine-ginen gargajiya na sassan Nijeriya. A nan aka tayar da wani yanki na ganuwar Kano, da kwaikwayon fadar Katsina, da kuma kwaikwayon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Wani masanin gine-gine, mutumin ƙasar Folan, mai suna Zbigniew Dmochowski, shi ya yi shekaru yana zaga ƙasar nan yana aune-aune da zane-zane, kuma bisa awonsa ne magina suka ɗora tubali a Jos.

A ce wani Bazazzagi ya shiga wannan gini, ya ɗaga kai ya dubi ginshiƙai da bakan gizo, ya ce lalle masallacin garinsu ne aka ɗauko aka dasa a kan dutse. Abokin tafiyarsa kuwa ya ce a'a, ƙasar da aka kwaɓa ba ta Zariya ba ce, hannun da ya ɗora ba na Babban Gwani ba ne, kama da wane ba ta wane. Gardama irin wannan ba ta da ranar ƙarewa, gama kowannensu da abin da yake nufi in ya ce "ɗaya ne". Amma akwai wani ɓangare nata da za a iya yanke wa hukunci ba tare da son zuciya ba. A ƙirga ginshiƙan nan da na can, a duba wane ginshiƙi ne baka ya haɗa shi da wane, wace ƙofa ce take fita zuwa ina. In kowane ginshiƙi na Jos yana da takwara a Zariya, kuma duk inda baka ya haɗa biyu a nan ya haɗa takwarorinsu a can, to, ƙirar ɗaya ce, ko da ƙasar gini ta bambanta. Wannan 'yar tambaya, wadda magini zai amsa da igiyar awo cikin yini guda, ta fi shekara hamsin tana wahalar da manyan masana lissafi na duniya, har yau kuwa ba a gama da ita ba.

Abin da masana suke yi shi ne su tuɓe wa abu duk kayan adonsa, sunansa da launinsa da tsawonsa, har ya rage ɗigo da layi kawai. Za a iya kiran wannan zane da sunan saƙa, kowane ɗigo ƙulli ne, kowane layi kuma zare ne da ya haɗa ƙulli biyu. Layin dogo shi ne misali mafi kusa. Jirgin ƙasa ya fara isa Jos daga Zariya a 1914, ta ƙaramin layin nan da aka shimfiɗa don ɗaukar kuza, wanda aka rufe a 1957. Babban layi ya iso daga Kafanchan a 1927, daga baya kuma aka ja reshe daga Kuru ya bi ta Bauci da Gombe, ya kai Maiduguri a 1964. A ɗauki tasha bakwai kawai daga cikin wannan shimfiɗa, a manta da ƙananan tashoshi na tsakani da duk abin da ke gaba. Kafanchan tana haɗe da Kaduna, da Lafiya, da Kuru. Kuru tana haɗe da Kafanchan, da Jos, da Bauci. Bauci kuma ta miƙa zuwa Gombe. Ƙulli bakwai ke nan, zare shida.

To, ga mai safiyo ya zana wannan layi a taswira da duk lanƙwashe-lanƙwashensa, ga kuma akawun tasha ya zana shi a allo da miƙaƙƙun layuka, ya sa arewa a ƙasa, maimakon sunayen garuruwa kuma ya rubuta lambobi. Wanda aka miƙa wa zane biyun nan ba tare da bayani ba, yaya zai yi ya tabbatar abu ɗaya suke nunawa? Sai ya nemo wa kowace lamba garinta, ta yadda ba zaren da zai ɓace, ba kuma wanda zai ƙaru. In an sami irin wannan jeri, masana sai su ce saƙa biyun suna da daidaiton ƙira. Kalmar da suke amfani da ita a Turance, aisomofizim, daga harshen Girka take, ma'anarta kuwa siffa iri ɗaya. Abin da ake nema shi ne dabara tabbatacciya, mataki bayan mataki, wadda ko na'ura marar hankali za ta bi ta kai ga amsa. Irin wannan dabara ita ake kira algoridim, sunan kuwa lauyewar sunan Muhammadu ɗan Musa al-Khwarizmi ne, malamin lissafi da ya zauna a Bagadaza cikin ƙarni na tara.

Mai karatu zai ce, ai abin da sauƙi, a gwada duk hanyoyin da za a iya aura lambobi da garuruwa mana, har a faɗa kan wadda ta dace. Ga tasha bakwai, hanyoyin 5,040 ne, kwamfuta za ta gama da su kafin ƙiftawar ido. Ga ƙulli goma, sun zama 3,628,800. Ga ƙulli ashirin, sun haura biliyan biyu sau biliyan, watau na'urar da ke gwada hanya biliyan ɗaya cikin kowace daƙiƙa za ta yi shekara 77 ba ta huta ba. In aka ƙara ƙulli biyar kacal suka zama ashirin da biyar, wannan na'ura tana bukatar fiye da shekara miliyan 490. Saƙoƙin da ake aiki da su kuwa a masana'antu da ɗakunan bincike suna ɗauke da ƙulli dubbai, wasu miliyoyi. Abin mamaki a nan shi ne, in wani ya riga ya samo jerin da ya dace ya kawo, duba gaskiyarsa aikin ɗan firamare ne, sai dai a bi zare ɗaya bayan ɗaya a ga ko ya faɗa inda ya kamata. Nemowa ce wuya. Tabbatar da cewa babu irin wannan jeri ko ɗaya ya fi wuya, gama wanda ya nema ya rasa ba shi da abin da zai nuna wa jama'a.

Kada a ɗauka wannan irin tunani baƙo ne a ƙasar Hausa. Duk almajirin da ya taɓa zana hatimi mai gida tara, inda lambobi daga 1 zuwa 9 suke ba da 15 ta kowace fuska, ya san ana iya rubuta shi ta hanya takwas. Amma in ya juya allonsa, ko ya duba shi a madubi, zai ga takwas ɗin nan hatimi ɗaya ne ya sauya zama. Mai gida goma sha shida yana da fuska 7,040, waɗanda in an cire juye-juye suke komawa 880, kamar yadda wani Bafaranshe, Frénicle de Bessy, ya ƙididdige, aka buga a 1693. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rubuta littafi da Larabci a kan hanyoyin tsara irin waɗannan hatimai a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, a cikin wannan fage ya yi aikinsa. Sanin lokacin da abu biyu suke ɗaya shi ne matakin fari na kowace ƙidaya, in ba haka ba mutum zai ƙirga tunkiya ɗaya sau takwas ya ce garke gare shi.

Dabarar da ta fi kowace amfani a wannan aiki ba ta da nisa da yadda mai unguwa yake gane baƙo. Ba ya tsayawa ga suna, gama Musa da yawa ne a gari. Zai tambaya, maƙwabcin wa? Maƙwabcin nan nasa kuma, su wa yake hulɗa da su? A koma ga tashoshin nan bakwai, a ce an goge sunayensu. A zagaye na farko a tambayi kowace tasha yawan layukan da suka shigo mata. Biyu za su ce uku-uku, ɗaya za ta ce biyu, huɗu za su ce ɗaya-ɗaya. Nan take an gane Bauci, gama ita kaɗai ce mai biyu. A zagaye na biyu a tambayi kowace tasha irin amsar da maƙwabtanta suka bayar. Ɗaya daga cikin masu uku za ta ce maƙwabtanta su ne mai ɗaya, da mai ɗaya, da mai uku, wannan ita ce Kafanchan. Ɗayar za ta ce mai ɗaya, da mai biyu, da mai uku, wannan Kuru ce. Daga cikin masu ɗaya-ɗaya kuma, wadda maƙwabciyarta mai biyu ce ta tona kanta, Gombe ce. A zagaye na uku Jos za ta fito, tun da ita kaɗai ce ƙarshen layi da ke rataye a jikin Kuru. Saura Kaduna da Lafiya, waɗanda a cikin wannan ɗan zane tagwaye ne, ko wacce aka sa a gurbin 'yar uwarta ba abin da zai lalace. Hanyoyi 5,040 sun koma biyu, kuma duka biyun daidai ne.

Ana kiran wannan dabara tace launi, saboda a kowane zagaye akan shafa wa ƙullayen da amsarsu ta zo ɗaya launi ɗaya, a yi ta maimaitawa har launuka su daina rarrabuwa. In aka yi wa saƙa biyu haka, aka ga ɗaya tana da jan ƙulli uku, ɗayar tana da huɗu, magana ta ƙare, ba ɗaya ba ne. Wasu samari biyu a Mosko, Boris Weisfeiler da Andrei Leman, su suka ƙarfafa ta a 1968, suka sa ana tambayar ƙullaye bibbiyu a maimakon ɗaya-ɗaya, shi ya sa har yanzu ake kiranta da sunansu. Shi Weisfeiler ƙarshensa abin tausayi ne. Bayan ya koma Amurka yana koyarwa, ya tafi yawon duwatsu a ƙasar Chile a farkon 1985, zamanin mulkin soja na Pinochet, ya ɓace, ba a sake ganinsa ba. A 1980 kuwa masana uku, László Babai da Paul Erdős da Stanley Selkow, suka tabbatar da cewa in aka saƙa zare da ka, ba tare da wani tsari ba, kusan kowace babbar saƙa zagaye biyu ya ishe ta kowane ƙulli ya fita daban. Watau hargitsi ba ya ɓoye kansa.

Abin da ke ɓoye kansa shi ne tsari mai kyau. A sa yara shida su riƙe hannun juna su yi da'ira ɗaya. A gefe kuma a sa wasu shida su rabu uku-uku su yi ƙananan da'ira biyu. A tambayi kowane yaro a cikin goma sha biyun nan, zai ce hannu biyu yake riƙe da su, kowane maƙwabcinsa ma biyu, maƙwabcin maƙwabcinsa ma haka, har a gaji da tambaya. Tace launi za ta shafa musu launi ɗaya duka, ta ɗaga hannu ta ce ba ta ga bambanci ba, alhali ko makaho ya shafa zai san da'ira ɗaya ba da'ira biyu ba ce. Maganin da aka samo shi ne a karya daidaiton da gangan. A zaɓi yaro ɗaya a sa masa jar hula, sa'an nan a sake tambaya. A babbar da'ira za a sami mai hula, da biyu na kusa da shi, da biyu na bayansu, da ɗaya da ke fuskantarsa daga nesa. A ƙananan da'irori kuwa za a sami mai hula, da abokansa biyu, da wasu uku da labarin hular bai taɓa isa gare su ba. Bambanci ya fito.

Sai dai hular nan tana da tsada. Wanda aka sa wa hula a saƙa ta farko, ba a san ko wane ne takwaransa a ta biyu ba, dole a gwada ta a kan kowa. In hula ɗaya ba ta isa ba a ƙara ta biyu, da ta uku, kowace kuwa tana ninka aikin. Gwanintar Brendan McKay, mutumin Ostireliya, wanda ya bayyana shirinsa na kwamfuta mai suna nauty a 1981, ita ce ya koya wa na'ura ta riƙa tuna tagwayen da ta riga ta gano, don kada ta gwada hula a kan Lafiya bayan ta gwada a kan Kaduna. Wannan shiri, da waɗanda suka biyo sawunsa, suna warware saƙa mai dubban ƙullaye cikin ɗan lokaci, kuma kyauta ake samunsa a intanet. Amma a 1992 Jin-Yi Cai da Martin Fürer da Neil Immerman sun nuna yadda za a ƙera saƙoƙi na musamman waɗanda suke ruɗa dabarar Weisfeiler da Leman ko da an faɗaɗa ta ana tambayar ƙullaye uku-uku, ko goma-goma, ko ɗari-ɗari. A aikin yau da kullum an ci nasara, a fagen hujja kuwa da sauran tafiya.

Su wa wannan ya dama? Na farko masu harhaɗa magunguna da sinadarai. Kowane sinadari saƙa ne, ƙwayoyin zarra su ne ƙullaye, riƙon da suke yi wa juna shi ne zare. Iskar gas da ake girki da ita tana ɗauke da wasu sinadarai biyu, butan da aisobutan, kowannensu zarrar kabon huɗu da haidirojin goma, ba ragi ba ƙari. A ɗaya kabon huɗun sun jeru kamar raƙuma a ayari, a ɗayan uku sun kewaye guda. Wannan kaɗai ya sa ɗaya yake tafasa a wajen awo sifiri na ma'aunin zafi, ɗayan kuwa sai an sauka wajen goma sha biyu ƙasa da sifiri. A birnin Columbus na Amurka akwai ma'aikatar da ke rajistar kowane sinadari da aka taɓa bayyanawa a duniya, ta fara ba su lamba a 1965, yanzu kuma rajistarta ta haura miliyan 200. Duk wanda ya zo da abin da yake cewa sabon magani ne, sai an bincika ko ba tsohon abu ba ne aka zana a kife. Dukiya mai yawa da haƙƙin mallaka suna rataye a kan amsar. Dabarar da H. L. Morgan ya tsara wa ma'aikatar a wannan shekara ta 1965 'yar uwar tace launi ce, tambayar maƙwabta ce dai.

A nan ya kamata a ja kunne, gama abokin Bazazzagen nan ma yana da gaskiyarsa. Saƙa tana manta abubuwa da yawa. Kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, da kwinidin, wanda likitoci suka daɗe suna bayarwa don daidaita bugun zuciya, daga ɓawon itace ɗaya ake samunsu, zarrarsu ɗaya, kuma wace ta riƙe wace duk ɗaya ne. Bambancinsu a wajen fuskantar da wasu sassa suka yi ne kawai, kamar yadda yatsun hannun dama da na hagu suke haɗe iri ɗaya amma safar wannan ba ta shiga wancan. Saboda haka masu rajista sukan ƙara wa saƙa wasu alamomi na fuska kafin su gwada. Lissafi yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai, wanda bai iya tambaya ba kuwa zai ɗauki amsa ta gaskiya ya yi ɓarna da ita.

Kuzar Jos ma tana cikin labarin ta fuska biyu. Tun kafin Turawa su fara haƙa a kan dutse a farkon ƙarni na ashirin, maƙeran Liruwe suna narka ta suna sayarwa. Wajen 1819 wani Bajamushe, Eilhard Mitscherlich, ya lura cewa ma'adinai daban-daban sukan daskare da siffa iri ɗaya, kuma a wannan fage na duwatsu ne kalmar daidaiton ƙira ta fara shiga bakin masana kimiyya. Daga baya aka gano cewa a cikin ƙwayar kuza kowace zarra ta farin ƙarfe tana kewaye da zarrar okisijin shida, kowace okisijin kuma tana riƙe da ƙarfe uku, kuma haka saƙar take daidai a cikin rutil, ma'adinin ƙarfen titaniyam. Fuska ta biyu ita ce, babban aikin da duniya take yi da wannan ƙarfe yanzu shi ne liƙin wayoyi a cikin rediyo da waya da kwamfuta. Su kuwa 'yan ƙananan ƙwaƙwalen da ake liƙawa a cikin waɗannan na'urori, kafin a ƙera kowannensu sai an gwada zanen da injiniya ya yi niyya da shimfiɗar da za a buga, a tabbatar saƙa ɗaya ce. Waya ɗaya da ta kauce a cikin miliyoyi ta isa ta mai da kayan kuɗi masu yawa su zama shara. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, manyan kamfanoni suka watse suka bar wa Filato tafkuna da ramuka, amma ilmin da ake sarrafa ƙarfen da shi bai taɓa faɗuwa a kasuwa ba, kuma ba a nan ƙasar aka tara shi ba.

Sauran magana ita ce ta masu neman hujja. Su a wurinsu dabara mai sauri ita ce wadda in girman saƙa ya ninka biyu, aikin zai ninka huɗu, ko takwas, ko wani adadi tsayayye, komai mugun halin saƙar. Dabara marar sauri kuwa ita ce wadda ƙarin ƙulli kaɗan yake ninka aikinta. Akwai wani babban rukuni na matsaloli, kamar ta falken da ke neman gajeriyar hanyar zaga garuruwa da yawa ya dawo gida, waɗanda aka tabbatar wuyarsu ɗaya ce, in an sami dabara mai sauri ga ɗaya an samu ga duka, kuma mafi yawan masana sun gaskata ba za a samu ba. A shekara ta 2000 wata cibiya a Amurka ta sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware wannan batu. Tambayar daidaiton ƙira ta ƙi shiga wannan rukuni, ta kuma ƙi shiga na masu sauƙi. Mutane da yawa sun yi ta buga hujjoji suna cewa sun warware ta, ana gano kuskurensu, har a 1977 Ronald Read da Derek Corneil suka rubuta maƙala suka kira abin da sunan cuta. A 1979 Michael Garey da David Johnson suka jera matsaloli goma sha biyu da ba a san matsayinsu ba. An warware mafi yawansu tun daga lokacin, ciki har da ta gane lambar da ba ta rabuwa, wadda malami da ɗalibansa biyu suka warware a Kanpur ta ƙasar Indiya a 2002. Wannan tana nan.

An dai ci garuruwa a gefe. Tun cikin shekarun 1970 aka sami dabara mai sauri ga saƙa mai siffar itace, irin ta layin dogon nan ko ta salsalar dangi, da kuma wadda za a iya shimfiɗa ta a takarda ba tare da zare ya haura zare ba. A 1982 Eugene Luks ya samo ta ga duk saƙar da aka ƙayyade yawan zaren da ƙulli ɗaya zai riƙe, abin da ya shafi sinadarai, tun da kabon hannu huɗu gare shi. A 1983 aka kafa wani ma'auni na gaba ɗaya wanda ya yi shekara talatin da biyu ba wanda ya gusa da shi. Sai a watan Nuwamba na 2015 Babai, wannan dai mutumin Hangari da aka ambata, yana koyarwa a Jami'ar Shikago, yana da shekara sittin da biyar, ya sanar da dabarar da ba ta kai saurin da ake nema ba, amma ta zo daf da shi, nesa ƙwarai da ta da. Wani masani haifaffen ƙasar Peru, Harald Helfgott, ya zauna ya bi hujjar layi-layi na tsawon watanni, ya gano gurbi a cikinta. Ranar 4 ga Janairu 2017 Babai ya fito fili ya janye babbar da'awarsa, ranar 9 ga wata kuma ya dawo da gyara, Helfgott ya duba ya amince. Dattijo mai suna a duniya ya ce ya yi kuskure ba tare da neman mafaka ba, wanda ya kama shi kuma ya tsaya ya taya shi tabbatar da gyaran. Ana son ganin irin wannan hali a majalisun jami'o'in ƙasar nan, inda sau da yawa gyara wa babba kuskure yakan zama laifin da ba a yafewa.

Ɗaliban lissafi a Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1975, da takwarorinsu na Zariya da Kano da Sakkwato, sukan sha tambaya daga iyaye da abokai, wai me za a ci da wannan karatu. Ana yi musu uzuri in sun yi kukan rashin kayan aiki a fannonin da ke bukatar injuna masu tsada. Wannan fanni kuwa alli da allo yake ci, sai haƙuri, sai malamin da zai zauna da ɗalibi. Weisfeiler da Leman ba su da na'urar da ta kai wayar da ke aljihun ɗan acaɓa ƙarfi a lokacin da suka yi aikinsu.

Ga wani ɗan gwaji ga mai karatu da yaran gidansa. A zana gida uku da rijiya uku, a ja hanya daga kowane gida zuwa kowace rijiya, ƙulli shida ke nan da zare tara. A gefe a zana murhu biyu, kowanne da duwatsunsa uku, a haɗa duwatsun kowane murhu da junansu, sa'an nan a haɗa kowane dutse da takwaransa na ɗaya murhun, nan ma ƙulli shida da zare tara. A zane biyun kowane ƙulli zare uku yake riƙe da su, don haka tambayar maƙwabta ba za ta raba su ba. Wanda yake son ya san ko ƙirarsu ɗaya ce, ko dai ya gwada hanyoyi 720 ɗaya bayan ɗaya, ko ya sa wa ƙulli guda jar hula a kowane zane, ya duba ko maƙwabtan mai hular sun san junansu.